Ranar da Na Ce Babu Rakiya a Gidanmu

Wata Laraba ce bayan la'asar, a gidanmu da ke unguwar Alabar. Ina da shekara bakwai, ni kaɗai a ƙofar gida. Mahaifiyata tana ciki tana tsince waken sayarwa.

Wata mata ta yi sallama, riƙe da tsohon littafin rubutu mai shuɗin bango. Ta ce daga Bawku take, motarsu ta kusa tashi.

"'Yata, nan ne gidan Rakiya? Tare muka yi makaranta. Labaran da ta rubuta ne a ciki, na kawo mata abinta."

Na ce babu mai wannan suna a gidanmu. Iyakar sanina ke nan. Duk unguwa Maman Sadiya ake kiranta, da sunan yayata, mu kuwa Mma muke cewa. Matar ta sa mini albarka, ta tafi da littafin.

Da na shiga na faɗa, hannun Mma ya tsaya cak a cikin waken.

"Ai ni ce Rakiya," in ji ta.

Ta yunƙura za ta tashi, sai ƙanina ya farka da kuka. Ta koma ta zauna, ta ba shi nono.

Yau ni ma Maman Faisal ake ce mini, har a wurin aiki, kuma na gaji da gyara wa mutane. Matar ba ta sake dawowa ba. Har Mma ta rasu ban karanta layi ɗaya da ta rubuta ba.