Gwangwanin Madara Ruwan Hoda

Ruwan hodar na fara hangowa, tun daga bakin zauren gidanmu a Tudun Wada. Babana mai rubuta allunan shaguna ne. Ran nan bayan la'asar ya sassaƙa hoton gwangwanin madara a jikin tsohon silifas, yana shafa masa fenti yana dannawa a takarda: wani ruwan hoda, wani shuɗi, wani ruwan ɗorawa. Sun jeru a tabarma kamar amare, warin kananzir ya cika zauren.

Alhajin da Baba yake fatan zai rataya su a sabon kantinsa ya shigo, ya duba, ya fashe da dariya.

"Haba Malam, ina ka taɓa ganin madara haka? So kake a ce lalatatta nike saidawa? Rubuta min suna kawai."

Baba ya ce, "To, Alhaji." Da mutumin ya fita, ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa: "Ke dai kin ga kyansu, ko ɗiyata?"

Na gani ƙwarai, amma kunyar dariyar nan ta hana ni amsawa. Har yau shirun yana cin zuciyata.

Daga baya ya bar zane, ya koma noma a Furfuri. Can ya rasu, bai sake nuna wa kowa aikin hannunsa ba.