Gishirin Miyar Biki

Tsohuwar ta sake ɗebo gishiri za ta zuba a miyar bikin da suke dafawa a Malali, sai abokiyar aikinta ta riƙe mata hannu.

"Mama, ya ji. In kika ƙara, baƙi ba za su ci ba."

"Ke za ki koya mini miya? Ina wannan aiki kina goye."

Ta ɗanɗana, ta ji lami. Ta dubi sauran matan, duk sun sunkuyar da kai. Nan ta gane miyar lafiya lau take, harshenta ne ya tsufa.

Ta mayar da gishirin cikin kwano.

"Matso kusa da ni, uwar tsaurin ido. Daga yau ni zan juya, ke ki ɗanɗana."