Albarushin Ƙaho Uku

Ka ce hannunka ya san aiki, don haka ba sai ka duba kayan aikinka ba. To, gyara zama, Ɗan'asabe. Ni 'yar maharbi ce kuma matar maharbi, na daka gawayin albarushi har tafin hannuna ya yi kanta. Ka saurara, kada ka katse ni.

A wani ƙauye na bakin dawa, Sarkin Baka ya tsufa, ido ya fara yi masa hazo. Ya ce bayan girbi zai sauka, kuma ba zai naɗa magaji da son rai ba. Za a rataye ƙoƙo a jikin kuka, a auna taki hamsin, kowa ya yi harbi uku da bindigar toka, da ɗurin hannunsa. Wanda ya fasa ƙoƙon, shi zai gaji rigar layu, shi zai riƙa shige wa mafarauta gaba in za a dawa.

Mutum biyu aka sa wa ido. Na farko gwani ne na gaske, ba zan rage masa komai ba. Zabuwa tana tashi yake kakkaɓo ta. Na biyun kuwa idonsa irin na kowa ne, sai dai naci. Tun saura mako biyu ya zazzage albarushinsa a faranti ya shanya, ya tankaɗe, ya ɗebi ɗan kaɗan ya ƙona a kan tsingaro don ya ga yadda yake cin wuta. Yana da wani guntun kara da ya yanke, da shi yake awo, babu ƙari babu ragi. 'Ya'yan dalmar ma sai da ya tsince masu kai ɗaya. Abokan farauta suka yi ta yi masa tsiya, wai ko jinjiri zai ɗura wa magani. Shi dai ya ci gaba da awonsa.

Shi kuwa gwanin, ƙahon albarushinsa tun farkon damina yake rataye a bangon ɗaki mai yoyo. Wata rana matarsa tana shanyar kuɓewa ta ce ya kawo ta baza masa a gefe, ranar ta ishe su duka. Ya ce ta ji da miyarta.

"Ido ke harbi, ba gari ba," in ji shi.

Ranar gwaji da hantsi, makaɗa sun riga sun fara, sannan ya cire marfin ƙaho. Ya tarar albarushin ya dunƙule kamar daddawa. Ko a jikinsa. Ya murmushe abin da ya murmusu, ya ga ba zai kai ɗuri uku ba. Ya roƙi kaɗan wurin baffansa, ya karɓi wani wurin wani baƙon maharbi da ya zo kallo. Na baffan tsohon daka ne mai sanyi, na baƙon kuwa sabo ne mai zafi. Ya antaya su ƙaho ɗaya, ya girgiza sau biyu, ya riƙa zubawa a tafin hannu yana awo da ido, yana raha da 'yan kallo.

Shi aka fara kira. Ya durƙusa, ya auna tsakiyar ƙoƙo, ya ja kunama. Bindiga ta yi wani tari kamar tsohuwar akuya, dalma ta faɗi kamu biyu ƙasa da ƙoƙon. Da yake gwani ne, nan take ya karanta abin: ta yi ƙasa, sai a ɗaga. Ya sake ɗuri, ya ɗaga kamu biyu cif. Ashe wannan karon mai zafin ne ya fi yawa a hannunsa. Bindiga ta tokare masa kafaɗa, dalma ta wuce can sama ta karyo reshe, 'ya'yan kuka suka zubo, mata suka dare. A nan rahar ta ƙare. Ya share gumi, ya yi lissafin da kowane maharbin kirki zai yi, ya sauke bakin bindiga. Ɗuri na uku ya zo da mai laimar nan na ɗakinsa. Bindiga ta yi huci, ta yi hayaƙi, dalma ta tashi ƙura tun kafin gindin kuka.

Mai guntun kara ya fito. Harbinsa na farko ya kauce hagu da tafin hannu guda, aka yi dariya. Ya matsa dama kaɗan. Na biyu ya shafi gefen ƙoƙo har ya yi lilo, dariya ta ragu. Bai da abin da zai yi wa kokwanto, domin abin da ya zuba da fari shi ya zuba a na biyu, shi kuma zai zuba a na uku. Kuskuren nasa ne shi kaɗai, kuma ya ga girmansa. Ya ƙara matsawa ɗan yatsa. Ƙoƙo ya tarwatse.

Gwanin ya tashi yana cewa a duba bindigarsa, an yi mata sammu. Sarkin Baka ya karɓa, ya shinshina bakinta, ya sa aka zazzage masa sauran albarushin a hannu, ya murza da yatsa. Ya mayar masa da abarsa.

"Ɗana, babu wanda ya taɓa ta. Sau uku ka auna, sau uku ka auna daidai. Sai dai bindiga uku ka harba, kana zaton ɗaya ce."

Aka sa wa mai naci rigar layu. Gwanin bai daina zama gwani ba, amma har ƙafarsa ta daina zuwa dawa, ƙeyar wancan yake kallo.

Kada ka ce mini tsautsayi ne. Yana da damina guda da kaka guda, ya zaɓi hantsi ɗaya. Hausawa sun gama magana tun kafin a haife ni: ba a fafe gora ranar tafiya.