Ganye Biyu na Ƙarshe

Saura ganye biyu furen da Gwaggo ke haɗawa da gashin tumaki ya cika, farin gashin ya ƙare.

Ta zazzage jaka, ta leƙa ƙarƙashin gado, ko sili babu. Ga shi jibi ne mai shagon kayan ado za ta sauya abin da ke cikin gilashin baje kayanta, kuma ta faɗa mata ƙiri-ƙiri: farin fure take so, mai fil a baya, na maƙalawa a riga. In ya yi kyau a baje shi, in bai yi ba kada ta sake ganin ƙafarta a shagon. Matar tana da hujja. Furen farko da Gwaggo ta kai mata, sai da ta jujjuya shi sannan ta tambaya ko albasa ce. Na biyu kuwa kunnen akuya ta kira shi, a gaban mutane.

Aikin ba na rago ba ne. Sai an jiƙa gashin da ruwan zafi da sabulu, a yi ta murza har ya kama jikinsa, a bar shi ya bushe, sannan a ɗora a kan soso a yi ta caccaka da allura mai ƙaya har siffar ganye ta fito. Yatsun Gwaggo sun sha huda kamar rariya. Ta je wurin mai sayar da gashin, ya ce fari ya yanke sai wata mai zuwa. Ta farke matashin kai ta gwada auduga, auduga ta watse a ruwa. Ranar ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta, irin wanda ko ranar da aka sace mata keken ɗinki ba ta yi ba.

Mijinta na gaban madubi, inda ya saba cinye rabin safiyarsa da mataji da kwalbar mai yana tarairayar gemu. Mutum ne mai ba da shawarar da ba a nema ba, amma ran nan sai ya tsaya yana shafa gemun yana kallonsa a madubi.

Washegari ya tashi da ciwon haƙori. Ya naɗe haɓa da tsohon mayafinta, ya ƙulle a tsakar ka, ya fita. Bai daɗe ba ya dawo da ƙunshin jarida.

"Wani abokina ne ya ba ni," in ji shi ta cikin mayafi.

Gashi ne fari tas, sai dai tauri kamar soson ƙarfe. Gwaggo ba ta tsaya bin ba'asi ba, da babu gara ba daɗi. Ta jiƙa, ta murza, gashin ya ce bai san zance ba. Ta ƙara ruwan zafi, ta haɗa da gwiwar hannu. Da aka zo caccaka, allura ta karye.

"Maigida, wannan ragon tsoho ne, kuma ko tantama babu mai taurin kai ne," ta ce. "Ga ƙamshi, sai ka ce a ɗaki aka raine shi."

Ya yi wani gurnani, ta ɗauka haƙorin ne. Ta ce ya buɗe ta gani, ya ƙi. Abinci ma ta ƙarƙashin mayafin yake tura shi, madubi kuwa ya samu hutu.

Daga ƙarshe gashin ya kwanta. Gwaggo ta ɗinke ganyen biyu a jikin furen, ta maƙala fil. Sauran ganyen duk sun rusuna, waɗannan biyun sun miƙe ƙyam suna wani ji da kai.

Ranar bajewa mijin ya raka ta da ƙullinsa a ka. Mai shago ta ɗaga furen, ta nemi abin kushewa ta rasa, ta kafa shi a kan baƙin yadi a tsakiyar gilashi. Gwaggo ta fita waje ta tsaya tana kallonsa kamar baƙuwa, daɗi ya cika ta.

Ba a jima ba wata mata ta shigo ta nuna shi da yatsa. 'Yarta za ta yi aure, kuma irinsa take so ga kowace ƙawar amarya. Sharaɗinta ɗaya: duk ganyen su zama irin waɗannan biyun masu tsayuwa.

Gwaggo, da ta biyo ta ciki, ta amsa tun kafin matar ta rufe baki, ta juyo da sauri.

"Maigida, maza wurin abokinka. Ka ce masa ya aske ragon nan kaf."

Mijin ya dubi furen, ya dubi matarsa. A hankali ya kai hannu ya kwance ƙullin, mayafi ya zame daga haɓar da rabonta da ganin rana tun kafin aurensu, ga ta nan fes kamar ƙwai.

"An riga an aske shi kaf," ya ce. "Sai dai amarya ta jira baɗi."