Baitin da Ya Cinye Muryar Auta

Ranar da Fasto ya faɗa wa Baban Kwaya cewa shi aka zaɓa ya tsara waƙar yabo, sai da dattijon ya nemi benci ya zauna. Garinsu ne zai karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasashen duniya, majami'u kuwa sun haɗa kai za su yi babbar sujada don yi wa 'yan wasa addu'a, har da nunawa a talabijin. Shekara da shekaru yana koya wa mawaƙan coci waƙa, ba wanda ya san da zamansa. Yau ga duniya ta zo masa har gida.

Waƙa kam ta yi daɗi, ba ƙarya. Tana magana kan gudu da haƙuri, da tashi bayan an faɗi. Sai dai baitin ƙarshe ya ɗaga shi sama ƙwarai, wai don a ji yadda mai gudu ke ƙure ƙarfinsa dab da layi. Duk cikin mawaƙan ba mai iya kaiwa can sai 'yarsa Auta, wadda ke shirin shiga makarantar koyon kiɗa da waƙa.

"Baba, a ɗan sauke baitin nan mana," in ji mai fiyano. "Ni da nake dannawa da yatsa ma tsoronsa nake ji."

"Kai dai danna abinka. Inda na ajiye shi, nan zai zauna."

Aka shiga gwaji safe da yamma. Sauran mawaƙa su huta, Auta ta maimaita baitin nan, ta sake, ta kuma sakewa. Ba a jima ba muryarta ta fara dishewa.

Mama, mahaifiyar Auta, ce ta fara lura, a wajen cin abinci. "Baban Auta, yarinyar nan ko ruwa da ƙyar take haɗiyewa. Ka bar ta ta huta, a kai ta asibiti."

"Asibiti? Su ce ta kama bakinta har taro ya wuce? To wa zai ɗauki baitin, ke?" Ya yi dariya. "Bari a gama, sai a je."

Maimakon asibiti, sai ya biya kemis. Mai kemis bai ko ga yarinyar ba, ya miƙo ƙwayoyi da wani abin fesawa a maƙogwaro, ya ce duk mawaƙa da shi suke aiki. Da aka fesa, zafi ya ɗauke ɗif. Baban Kwaya har da godiya ga Ubangiji. Kaito! Ciwo yana nan daram, bakinsa kawai aka toshe.

"Baba," in ji Auta wata rana bayan gwaji, "idan na hau sama, ji nake kamar ana tsinka min zare a wuya."

"Ki daure, 'yata. Su masu gudun ba daurewa suke yi ba?"

Ya manta cewa mai gudu ma, idan tsoka ta motsa masa, likita fitar da shi yake yi daga fili. Ita kuwa Auta ba ta iya yi wa mahaifinta musu. Ta ga yadda fuskarsa ke haske in ta kai ƙarshen baitin, sai ta ci gaba da rerawa.

Ranar sujada majami'a ta cika maƙil, ga 'yan wasa na ƙasashe daban-daban cikin rigunansu masu launi. Auta ta fesa maganin, ta miƙe, ta rera. Ta kai baitin nan har ƙarshe. Ƙatti masu ɗaga ƙarfe suna share hawaye.

A ɗakin canza kaya ta yi tari a hankici, sai ga jini. Ta juyo ta buɗe baki za ta kira babanta, iska kawai ta fito.

Likita ya daɗe yana duba maƙogwaronta kafin ya ɗago kai. "Da kun kawo ta tun da ta fara dishewa, hutu da ɗan magani sun isa. Yanzu jijiyoyin muryar sun yage. Magana za ta dawo a hankali. Waƙa kuwa, kada in yi muku ƙarya."

Mama ta ɗora hannu a ka. Baban Kwaya ya jingina da bango, wayarsa na ta ƙara a aljihu, masu taya murna ne.

Waƙar ta bazu, ana rera ta a majami'u na nesa da na kusa. Zancen makarantar Auta kuwa ya mutu. Wata yamma dattijon ya same ta tana ninke kaya, ya durƙusa gabanta yana kuka, ya ce ta yafe masa.

Ta kama hannunsa ta tashe shi. Da 'yar muryar da ta rage mata, mai ƙarar tsohuwar ƙofa, ta ce, "Na yafe, Baba. Amma don Allah, duk Lahadin da za a rera ta, ka faɗa min in zauna a gida."

Iyaye da masu koyarwa, idan yaro ya ce yana jin ciwo, a tsaya a kai shi wurin likita, kada a rufe ciwon da maganin kanti. Taro na yini ɗaya ne, lafiyar ɗanka kuwa ita zai rayu da ita.