Rawar Laraba a Erdington

Alhaji Ashafa ya cire hula da tabarau ya tura su ƙarƙashin kujerar mota kafin ya fito. A tunaninsa ya ɓad da kama ke nan. Ganinsa kawai ya ɓad da, don in ba tabarau ko lambar motar da ke gabansa ba ya iya karantawa.

Likita ce ta jawo masa. Hawan jini ya ƙi sauka, wurin ninƙayar da yake zuwa a Manchester kuma kansil, wato hukumar gari, ta rufe shi da sunan tsuke bakin aljihu. Bai da bakin ƙorafi, yana cikin akantocin da suka ce a rufe. Likitar ta ce ya nemi abin motsa jiki cikin jama'a, ta ba shi misalin rawar Turawa ta bibbiyu, wadda dattawa ke yi da rana ana shan shayi. Dariya ya yi mata. Shi shugaban ƙungiyar Hausawan Manchester, wanda ya taɓa zare wa mai kiɗa wayar lasifika a walimar suna?

Sai ga shi a makon an zuro takardar talla ta ƙofar gidansa: rawa kowace Laraba a wani ɗakin taro a unguwar Erdington, ana maraba da sababbi. Birmingham dai, inda ba wanda zai gan shi. Laraba kuma ita ce ranar da matarsa Rabi'a, uwar ɗansu Nuru, ke hawa jirgin ƙasa zuwa Lozells, can wani gefen Birmingham, ta yini wurin gwaggonta, riƙe da jakar takalman shiga ɗaki, wai gwaggo ba ta son a taka mata kafet. Ashafa ya ce Allah ne ya haɗa. Tsoronsa ɗaya, kada labari ya kai Manchester, balle kunnen Rabi'a.

A bakin ƙofa wata tsohuwa 'yar Jamaika mai suna Celestina ta dubi takalminsa na roba ta girgiza kai. Ta ara masa mai ƙasan fata, ta karce shi da ɗan buroshin waya irin wanda yake gani a kicin ɗinsu yana zaton na tukunya ne. Sannan ta yi masa karatun sabon shiga. Ana zagaya fili saɓanin hannun agogo. Wanda aka miƙa wa hannu ba ya ƙi, in kuwa ya ƙi, to ya zauna har waƙar ta ƙare. Ba a koya wa abokin rawa rawa a tsakiyar fili, kuma ba a kallon ƙafa.

Kafin a kawo shayi ya karya kusan duka. Ya bi hannun agogo ya yi karo da wasu ma'aurata. Ya gyara wa wata dattijuwa taku, ita da ke rawar tun ba a haife shi ba, ya kuma taka ta don ƙarin bayani. Duk lokacin da hannunsa ya taɓa kafaɗar mace sai ya tuna wa kansa cewa magani yake sha. Da gumi ya ishe shi ya lallaɓa bayan wani ginshiƙi da kofi da biskit, kunya na cinsa.

Can Celestina ta same shi. Ta ce kada ya damu, kowa da haka ya fara, har Ruby. Ta nuna masa wata inuwa shuɗiya da ke juya wata tsohuwa a ƙarshen fili. Da Ruby ta zo, in ji ta, maza sun yi ƙaranci, sai ta koyi takun maza tana jan mata. Lokacin da kansil ta so rufe ɗakin saboda rashin jama'a, ita ta bi coci-coci da shaguna har ya cika. Amma ba namijin da ta taɓa ba hannu. Tana cewa sai mijinta tukuna, wani babban mutum da ke ɗaukar rawa wauta.

Ashafa ya kurɓi shayi ya yi tir da wannan miji a ransa. Sakarai, bai ma san inda matarsa ke yini ba. Shi a gidansa ko allura ce ta faɗi sai ya ji.

Aka sa waƙa mai sanyi. Inuwar nan ta ratso fili ta nufo ginshiƙin, surutu ya ɗauke, har mai zuba shayi ta ajiye buta. Ashafa ya sunkuyar da kai, sai ga hannu a gabansa. Ya tuna dokar, ya tuna ido nawa ke kansa, ya miƙe.

Bai san yadda aka yi ba, juya shi kawai ake yi yana bi. Ba karo, ba taka kowa. Idonsa na kan takalmin aro, hancinsa na shaƙar turaren da ya ce a ransa na mutanen kirki ne. Daɗi ya kama shi irin wanda ya manta rabonsa da ji, daɗin kuma ya ba shi tsoro. Ya roƙi Allah Ya tsawaita hirar Rabi'a da gwaggonta.

Suna kaiwa kwanar fili ta matse masa yatsu, ta yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausa.

"Ɗaga kanka, Baban Nuru, ba a kallon ƙafa. Ni na zura maka takardar nan, kai kuma ka zo mini ba tabarau."