Lamɓon Jajayen Ƙwari

"Tun Satumba na ce ki toshe tagar nan. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Ka faɗa," ta amsa wa mijinta, idonta a ƙasa.

Duk Oktoba sanyi yakan koro jajayen ƙwarin nan cikin gida, masu ɗigon baƙi da yara ke ɗorawa a yatsa su roƙi sa'a. Bana ɗaruruwa ne suka lulluɓe labulen ɗakin girki.

Ya tuɓe takalminsa na aiki ya hau bango da duka. Tas! Tas! Kowane bugu sai ya bar tabo rawaya mai wari a farin fenti. Ya fizge labulen ya tattake, ya yi jifa da kofin shayi, ya fice yana zagi.

Ta durƙusa tana share gawarwakin. 'Yarta mai shekara biyar ta rarrafo daga ƙarƙashin tebur, ta buɗe tafinta. Ƙwaro ɗaya ne a kwance rigingine, ya naɗe ƙafafu.

"Zubar, 'yar lele, ya mutu."

"Bai mutu ba, Mama, lamɓo yake yi. Kamar ke, in Baba ya fara. Ni ma na iya, kin gani?"

Yarinyar ta zube a ƙasa, ta dunƙule, ta ɗauke numfashi.

Uwar ta ajiye tsintsiya.

"Tashi ki ɗauko rigar sanyinki. Gidan Kaka za mu, kuma ba za mu dawo ba."